Gyatsar Shanu da Asarar Makiyayi: Yadda Za a Rage Iskar Metan Ba Tare da Tauye Nono da Nama Ba

Daga Sashen Kasuwanci da Tattalin Arziki

ABUJA: Duk wanda ya leƙa kasuwar dabbobi ta Dei-Dei a cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, zai ga shanun da ake saukewa daga manyan motoci haƙarƙarinsu a waje, tozonsu ya kwanta, har mahauci na iya ƙirga ƙasusuwansu kafin ya taya. Idan ya sake komawa a cikin watan Oktoba, bayan ciyawar damina ta ratsa su, sai ya tarar irin waɗannan shanu sun murmure sun yi ɓul-ɓul. Fatake da dillalai sun daɗe da sanin wannan hawa da sauka, kuma a kansa suke gina cinikinsu. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, wannan ramar ta rani ita ce tushen wata matsala da manyan ƙasashen duniya suke taro a kanta, wato matsalar iskar metan da shanu da tumaki suke fitarwa.

Ana yawan ɗauka cewa batun rage wannan iska dabara ce ta Turawa don a tilasta wa talaka ya rage garkensa. Bincike ya nuna cewa a ƙasa irin Nijeriya, hanyar rage iskar da hanyar ƙara ribar kiwo hanya ɗaya ce, in dai an bi ta da lissafi.

Daga Ina Iskar Take Fitowa?

Metan ita ce mafi yawan abin da ke cikin iskar gas da ake haƙowa a yankin Neja-Delta, kuma ita ce ake matsewa a ɗura wa motoci da sunan CNG. Sai dai ba daga ƙarƙashin ƙasa kaɗai take fitowa ba. Dabbobi masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki, suna da wani babban tumbi wanda ke cike da ƙananan halittu da ido ba ya iya gani. Waɗannan halittu su ne ke ruɓar da ciyawa da kara su mayar da su abin da jikin dabba zai amfana da shi. A cikin wannan aiki iskar haidurojin takan taru, sai wani rukuni na halittun ya haɗa ta da iskar kabon ya samar da metan, dabbar kuma ta fitar da ita, mafi yawa ta hanyar gyatsa.

Illar iskar ga duniya ita ce riƙe zafin rana. A cikin tsawon shekara 100, kilo ɗaya na metan yana ɗumama duniya kimanin ninki 28 na kilo ɗaya na iskar kabon, a cikin shekara 20 kuwa ya kai wajen ninki 80. Amma ba ta daɗewa a sararin samaniya, domin a cikin shekara 12 ko makamancin haka takan lalace. Saboda haka masana ke ganin rage ta ita ce hanya mafi sauri ta sassauta ɗumamar yanayi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta a rahotonta na shekara ta 2013 cewa kiwon dabbobi ne ke da alhakin kashi 14.5 cikin ɗari na iskokin da ɗan Adam ke jawowa masu ɗumama duniya, sa'an nan a shekara ta 2023 ta sake lissafi ta ce kashi 12 ne. A duka lissafin biyu, gyatsar dabbobi tana ɗauke da kaso mai girma.

Illarta ga mai dabba kuwa ta aljihu ce. Metan makamashi ce, kuma daga abincin da aka ba dabba take fitowa. Gwaje-gwaje sun tabbatar da cewa tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin da saniya ta ci yana salwanta ta wannan hanya, kuma ga dabbar da ke kiwo a daji adadin yakan tsaya wajen kashi 6 zuwa 7. Wato a cikin kowane dami 100 na ciyawa, amfanin dami shida ko bakwai yana bin iska, bai zama nono ba, bai zama nama ba.

Alkawarin da Nijeriya Ta Ɗauka

A cikin watan Nuwamba na shekara ta 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo, Amurka da Tarayyar Turai suka gabatar da wata yarjejeniya ta rage iskar metan a duniya da kashi 30 cikin ɗari kafin shekara ta 2030, bisa ma'aunin shekara ta 2020. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga. A cikin watan ne kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi. Ko da yake fannin mai da gas ne aka fi sa wa ido, ba za a iya tsallake kiwo ba. Ƙidayar dabbobi da aka yi ta jirgin sama da ta ƙasa a shekara ta 1990 ta nuna ƙasar nan tana da shanu miliyan 13.9, da tumaki miliyan 22.1, da awaki miliyan 34.5. A yau shanun kaɗai sun haura miliyan 20.

Lissafin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Duba

Akwai hanya biyu ta auna wannan iska: ko a auna abin da kowace dabba ke fitarwa, ko kuma a auna abin da aka fitar kafin a samu lita ɗaya ta madara ko kilo ɗaya na nama. Bisa ga jadawalin da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a shekara ta 2006, saniyar tatsa a Afirka tana fitar da kimanin kilo 45 na metan a shekara, tana ba da madarar da ba ta kai lita 500 ba. Takwararta ta Yammacin Turai tana fitar da kimanin kilo 115, amma tana ba da lita 6,000. A ma'auni na farko saniyarmu ce ke da sauƙin laifi. A ma'auni na biyu kuwa, kowace lita tamu tana tafe da kusan giram 90 na metan, tasu kuma ba ta kai giram 20 ba, wato tazarar ta kusa ninki biyar.

Dalilin wannan tazara yana da sauƙin fahimta. Kowace dabba tana da kuɗin shiga da na fita, kamar kanti. Akwai abincin da dole ta ci don kawai ta rayu, ta yi numfashi, ta yi tafiya, kuma wannan daidai yake da kuɗin haya da mai kanti zai biya ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Abin da ya ɗoru a kan wannan shi ne ke zama nono ko nama ko ɗan maraƙi. Saniyar da ke yawon kiwo nesa a kan busasshiyar ciyawa, kusan duk abin da ta ci a kuɗin haya yake ƙarewa, alhali gyatsarta ba ta tsaya ba ko da rana ɗaya.

Binciken da Cibiyar Dabbobi ta Ƙasa da Ƙasa don Afirka, wato ILCA, ta gudanar a kudancin Jihar Kaduna a cikin shekarun 1980 ya nuna yadda abin yake a garken Bunaji na gargajiya. Karsana takan kusa shekara biyar kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma akan samu kusan shekara biyu. Duk waɗannan shekaru tana ci tana fitar da iska ba tare da ta shigo da ko kwabo ba. Sakamakon haka a fili yake a kasuwa: jami'an gwamnati sun sha bayyana cewa ƙasar nan tana kashe kimanin Dala biliyan 1.5 a kowace shekara wajen shigo da madara da dangoginta.

Rahoton FAO na 2013 ya ƙara da cewa za a iya rage kimanin kashi 30 cikin ɗari na iskar da kiwo ke fitarwa idan masu kiwo suka ɗauki dabarun da maƙwabtansu mafi ƙwarewa suke amfani da su a yanki ɗaya da yanayi ɗaya, ba sai an jira wata sabuwar fasaha ba.

Toshe Giɓin Rani

Mataki na farko shi ne abincin rani. Halittun da ke cikin tumbi suna bukatar sinadarin furotin da bai gaza kashi 7 cikin ɗari ba a cikin abinci kafin su yi aikinsu sosai. Ciyawar gamba da kyasuwa sun wadatar da wannan a farkon damina, amma da zarar sun bushe sai adadin ya faɗi ƙasa ƙwarai. Daga nan abinci yakan daɗe a cikin tumbi, dabba ta rage ci, ta fara cinye kitsen da ta tara da damina. Naman da aka tara a wata biyar a zubar da wani sashensa a wata shida, sa'an nan a sake biyan kuɗin tara shi, shi ya sa bijimi yake ɗaukar shekaru kafin ya isa yanka.

Da tsohuwar zuma ake magani. A cikin shekarun 1980 ɗin nan, masana na ILCA tare da makiyayan gandun kiwo na Kachia da na Kurmin Biri suka gwada abin da suka kira rumbun ciyawa. Akan killace fili mai kimanin hekta 4 kusa da ruga, a kwantar da shanu a ciki su tattake ƙasar su kuma zuba mata taki, sa'an nan a watsa irin wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo. A bar ta har rani, sai a riƙa sakin shanu masu ciki da masu shayarwa su ci na sa'a biyu zuwa uku a kowace rana. Inda aka kula da rumbun, mutuwar 'yan maruƙa ta ragu kuma shanu sun fi jure rani. Abin da ya hana dabarar yaɗuwa shi ne tsadar wayar shinge, da gobarar daji, da kuma rashin tabbacin mallakar ƙasa, domin babu mai kafa shinge a filin da za a iya tashinsa gobe.

Sai harawa. A cikin shekarun 1990 tashar Kano ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA, ta fitar da nau'o'in wake masu ba da ƙwaya da harawa tare, domin manomi ya ci dabbarsa ma ta ci. Harawar wake da ta gyaɗa suna da furotin da ya ninka na karan dawa sau biyu ko fiye, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu a kullum yana sa tumbi ya iya sarrafa karan da kansa. Haka nan ana iya inganta bambaron shinkafa da yankakken kara da takin yuriya: a narka kilo 4 zuwa 5 a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na bambaro, a rufe ruf da leda har mako uku. Wajibi ne a yi wannan bisa jagorancin malamin dabbobi, domin yuriyar da dabba ta ci kai tsaye guba ce. Ana yin takin a cikin gida, a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Ɗangote da ke Lekki.

Akwai kuma abinci mai maiƙo, irin su angurya da tunkuza. Maiƙo yana rage ƙarfin halittun da ke samar da metan, kuma bincike ya nuna kowane ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari na maiƙo a abinci yana rage iskar da kimanin kashi 4. Amma idan jimlar maiƙon ta wuce kashi 6 zuwa 7 sai ta dagula narkewar ciyawa. Haka abin yake ga 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema suka sani sarai: sinadarin da ke jeme fata yana rage metan idan kaɗan ne, idan ya yi yawa kuwa sai ya hana dabba ci.

Lafiya, Iri da Sayarwa a Kan Lokaci

Mataki na biyu shi ne lafiya. Dabbar da ke fama da sammore, ko ciwon huhu, ko ciwon hanta, ko kaska, tana ci tana gyatsa amma ba ta ƙaruwa, maraƙin da ya mutu kuma ya tafi da duk abincin da uwarsa ta ci tana ɗauke da shi. Rigakafi ya fi magani, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke can tun shekara ta 1924, tana yin alluran rigakafin da yawa daga cikin cututtukan da ke addabar garkunanmu. Duniya ta riga ta ga misali, domin a shekara ta 2011 aka tabbatar da kawar da cutar bushiya baki ɗaya.

Mataki na uku shi ne iri. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wato NAPRI, ta daɗe tana barbarar Bunaji da shanun madara na Turai, kuma 'ya'yan suna ba da madarar da ta ninka ta iyayensu na gida. Amma wanda ya sayi irin wannan saniya bai tanadi abinci da ruwa da magani ba, ya sayi asara. Gyaran iri yana zuwa ne bayan gyaran abinci.

Mataki na huɗu shi ne sayarwa a kan lokaci, kuma a nan masu kiwon tumaki sun riga kowa. Matan aure da ke turke ragon Balami ko Uda ko ɗan ƙasa wata biyu zuwa uku kafin Babbar Salla, suna ba shi dusa da harawa da kowar wake, suna yin daidai abin da masana ke wa'azi a kai: nama mai yawa a cikin kwanaki kaɗan. Bijimin da aka kai kara yana da shekara uku da rabi maimakon shida ya rage wa duniya gyatsar shekara biyu da rabi, ya kuma dawo wa mai shi da jarinsa da wuri.

Magungunan Ƙasashen Waje

Mai karatu zai so ya san inda fasahar zamani ta kai. Kamfanin DSM ya ƙirƙiro wani gari mai suna Bovaer, wanda ke toshe aikin halittun da ke samar da metan, kuma yana rage iskar da kimanin kashi 30 cikin ɗari a shanun madara. Birazil da Chile sun amince da shi a shekara ta 2021, Tarayyar Turai a 2022, Amurka kuma a 2024. A Ostareliya an gano wata jar ciyawar teku wadda a wasu gwaje-gwaje ta rage fiye da kashi 80 cikin ɗari. A ƙasar Niyu Zilan masana sun zaɓo tumaki masu ƙarancin gyatsa ta hanyar gado, har tazarar da ke tsakanin zuriyar masu ƙaranci da ta masu yawa ta kai kimanin kashi 10 cikin ɗari, ba tare da nama ko gashi ya ragu ba.

Sai dai garin Bovaer yana aiki ne kawai idan an cakuɗa shi a cikin abincin da dabba ke ci a kai a kai, domin ƙarfinsa yana gushewa cikin 'yan sa'o'i. Wannan ya dace da gonar da shanu ke ɗaure, irin wadda kamfanin Arla ya buɗe a Damau ta Jihar Kaduna a shekara ta 2023, amma bai dace da garken da ke wuni a daji ba. Bugu da ƙari, ba ya ƙara madara a zo a gani, don haka sai inda akwai mai biyan ladan rage iskar ko mai cin tarar fitar da ita ne yake da riba. Ƙasar Danmak ta ɗauki hanyar haraji, inda a shekara ta 2024 aka cimma yarjejeniyar fara karɓar haraji a kan iskar dabbobi daga 2030. Niyu Zilan kuwa a cikin shekarar ta janye nata shirin bayan manoma sun ƙi amincewa.

Gargaɗi Biyu

Wajibi ne a faɗi gaskiya a kan abu biyu. Na farko, saniyar da ta ƙoshi tana fitar da metan a kullum fiye da mai jin yunwa. Abin da ke raguwa shi ne iskar da ke kan kowace lita da kowane kilo. Jimlar ƙasa baki ɗaya ba za ta sauka ba sai idan dabbobi kaɗan masu inganci sun biya bukatar da a da sai da yawa. Makiyayi kuwa ba zai rabu da tsofaffin shanu da juyoyi ba muddin garken shi ne bankinsa kuma inshorarsa, musamman a lokacin da satar shanu ke iya raba mutum da dukiyarsa a dare ɗaya. Sai an samar masa da tsaro, da kasuwa tabbatacciya, da amintaccen wurin ajiyar kuɗi.

Na biyu, kashin shanun da ya bushe a fili ba ya fitar da metan mai yawa, amma wanda aka tara jiƙe a rami a manyan gonaki da mayanka yana fitarwa ƙwarai. Duk mai shirin killace dabbobi ya kamata ya haɗa da tankin da zai kama wannan iska a yi girki ko a kunna janareto da ita, ragowar kuma ta koma gona a matsayin taki.

Inda Jari Zai Shiga

Babban Birnin Tarayya yana da gandun kiwo guda huɗu: Paikon Kore a Gwagwalada, da Kawu a Bwari, da Rubochi a Kuje, da kuma Karshi. A Paikon Kore kamfanin Nestlé ya kafa wurin tattara madara da sanyaya ta daga hannun makiyaya, kuma wannan shi ne jigon al'amarin, domin makiyayin da ya san akwai mai sayen madararsa kowace safiya shi ne zai yarda ya sayi dusa da harawa. A shekara ta 2022 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 500 don shirin bunƙasa kiwo na L-PRES, sa'an nan a watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya.

Ga mai jari, ƙofofin a buɗe suke: noman ciyawa da ɗaure ta dami-dami don rani, da samar da irin ciyawa, da injinan yanka kara, da rumbunan ajiyar harawa tun da kaka lokacin da take araha, da shagunan magungunan dabbobi na ƙwarai, da turken bijimai da raguna kusa da Dei-Dei, da motocin sanyi masu ɗaukar madara. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta tabbatar da iyakokin gandun kiwon nan da takardun zama a cikinsu, don kada a maimaita abin da ya faru da rumbunan ciyawa na Kachia. Saniyar da ake yi wa kirari da nagge daɗi goma tana iya cika kirarinta, in dai an ciyar da ita daga Janairu zuwa Mayu kamar yadda damina ke ciyar da ita daga Yuni zuwa Oktoba.